Bakin Aku Yana Rufewa

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kuma ƙunar da tukunya ta yi miki a hannu ta warke. Mu nan sai godiya. Malam yana gaishe ki, ya ce in tambaye ki wai har yanzu masu haƙar ma'adinan nan da kike yi wa girki ba su yi bore a kan gishirinki ba. Na ce zan rubuta yadda ya faɗa, alhakin yana wuyansa.

Auta, na so in bar maganar nan sai kin zo, to amma shekara uku ke nan ana cewa sai kin zo. A kan 'yarki ne. Kada ki firgita, Aku tana tafiya da ƙafarta, tana zuwa makaranta. Bakinta ne ba ya buɗewa.

Abin a hankali ya zo. Da fari na ga ta daina cin abinci da babban cokali, sai na shayi. Daga baya na ga tana latse ayaba da yatsa tana turawa ta gefen baki. Malamarsu ta aiko wai tana cinye haruffa in tana karatu. Yarinyar da muka sa wa Aku saboda surutu, yanzu sai ta yini ba ta yi magana goma ba. Na ce ta buɗe in gani, yatsana ɗaya ne ya shiga, shi ma da ƙyar. Na gwada nawa bakin, uku suka shiga.

Ranar Talata da la'asar zazzaɓi ya kama ta, amai ya taso. Auta, aman ya rasa hanyar fita. Ta hanci ya biyo, idanunta suka firfito, tana kama rigata. Na kifa ta a kan cinyata ina bubbuga bayanta, ban san ma abin da nake karantawa ba. Allah ya sa numfashin ya dawo. Washegari muka tafi babban asibiti.

An yi mata hoton ƙashi. Likitar, wata 'yar siririya mai haƙuri, ta sa yatsana a gaban kunnena ta ce in tauna. Ta ce abin da na ji yana motsi gaɓa ce kamar gwiwa, ƙashi biyu da guringuntsi a tsakaninsu. A hagun Aku guringuntsin ya tafi, ƙasusuwan sun toho sun haɗe kamar an yi musu walda. Haƙorinta na gaba kuma, wanda ya fi ɗan'uwansa gajarta, ta ƙwanƙwasa shi da ƙarfe, ya yi ƙara kamar kofin tangaran. Ta ce shi ma ya manne da ƙashi, shi ya sa sauran suka girma suka bar shi.

Ta ce abu uku ne suka fi kawo haɗewar gaɓa: buguwa, ko ciwo mai mugunya da ya gangaro daga kunne, ko ciwon gaɓoɓi irin wanda ake gado. Ta tambaya ko a danginmu akwai wanda jikinsa ya taɓa sandarewa. Na ba ta labarin ciwon bayan Baba.

Maganinsa tiyata. Babban likitan da ke yin ta sau biyu yake zuwa a shekara, kuma ƙarshen watan gobe zai zo. An sa sunanta, amma sai uwa ta sa hannu, tunda mahaifinta ya rasu. Ga takardar nan na haɗo. Ki sa hannu ki ba direban motar kayan abincinku ya dawo da ita.

Yayarki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Hannu ya warke. Ki gaida Malam, ki ce masa ba ni da bakin ramawa yau.

A ɗakin ajiya na karanta takardarki, a kan buhun albasa, sau uku. Duk sau ukun a maganar Baba nake tsayawa. Kin manta yadda ya ƙare? In za a gaishe shi sai an zagayo ta gabansa, don wuya ba ya juyawa. A kujera yake salla, a kujera yake barci. Mu muke sa masa takalmi. Shi ma ai da wuri ɗaya ya fara. Tun ranar da na karanta, in na sunkuya ɗaukar tukunya sai in tsaya in ji ko bayana ya miƙe. Ashe abin da na ba 'yata ke nan, ni da na baro ta don in nema mata abin kirki.

Ba zan sa hannu ba. In a jini yake, a fasa ƙashin yau, gobe ya sake haɗewa, sannan gwiwa ta biyo, sannan baya. A yanka fuskar 'ya mace a banza? Wata da muke aiki tare ta ce wanda bakinsa ba ya buɗewa ta hanci ake zura masa robar numfashi, wani ma daga nan ba ya tashi. Ban san ko gaskiya ba ne, amma ya zauna mini a ƙirji.

Na duba sauran biyun da likitar ta lissafa. Aku ba ta taɓa ciwon kunne ba tun tana goye. Buguwa kuwa, na san da ta faɗi da kin faɗa mini, ke da ko allura ta ɓace a gidan nan sai kin rubuto. To saura me, in ba na Baba ba?

Ki riƙa dama mata abu mai ruwa-ruwa. Ki ce ina gaishe ta, kada ta ji tsoro.

Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Sallama da fatan alheri. Takardarki ta iso ranar Asabar, ba tare da ta asibiti ba. Mu dai da sauƙi, sai gwiwar Malam da ke taɓa shi, ita kuwa ta shekaru ce.

Auta, ki kwantar da hankalinki game da bayanki. An ɗebi jinin Aku kwalba uku, an lanƙwasa mata kowace gaɓa tun daga yatsu har ƙugu, an leƙa kunnuwa. Likitar ta ce ba ta ga alamar ciwon Baba ba. Ta ce ma irin nasa a baya da ƙugu yake farawa, kuma ba kasafai yake fara da bakin yarinya 'yar shekara sha ɗaya ba. Maganar robar hanci kuwa gaskiya ce, na tambaya. Ta ce aikinsu ne, sun saba, amma ba ta ce babu haɗari ba, ni ma ba zan ce miki babu ba.

Abin da ta nuna mini ne ya hana ni sukuni. Ta tsayar da Aku a gefe ta ce in duba haɓarta. Haɓar ta koma ciki, Auta, kuma ta karkata hagu. Kullum ina tare da ita shi ya sa ban lura ba. Wai daga gaɓar nan muƙamuƙi yake girma, to ɓangaren da ya haɗe ya tsaya, fuskar tana girma tana barinsa. In aka daɗe, harshe zai rasa wuri ya riƙa toshe maƙogwaro. Jiya ta ɗan kwanta bayan azahar ina ɗinki kusa da ita, sai na ji minsharin ya yanke. Na cire ƙafa daga keke ina ƙirgawa. Sai da na kai tara kafin ta ja numfashi. Ban iya ƙarasa rigar ba.

Haƙoranta na ciki ma sun fara ruɓewa, don buroshi ba ya kaiwa. In ɗaya ya tashi da ciwo, ta ina za a cire shi?

Don Allah ki sa hannu. Ba na Baba ba ne, ki yarda da ni. Akwai maganar da nake so in faɗa miki, amma ba ta takarda ba ce, sai mun zauna.

Yayarki.

*

Yaya,

Na gode da gaisuwa. Lafiyata lau, in ban da rashin cin abinci.

Wace magana ce ba ta takarda ba? Na san wannan salon naki. Haka kika yi lokacin Baba, likita ya ja ki gefe ya faɗa miki, kika dawo kina ce mana da sauƙi har wata huɗu. Me suka gani a jinin? Ko wani abu ne yake tsiro a ƙashin? Kin ce in yarda da ke ba na Baba ba ne. Ta yaya kika tabbata, alhali likitar ma cewa ta yi ba ta ga alama ba? Ba ciwon kunne, ba faɗuwa, ba gado, to daga sama ya faɗo?

Na nemi hutu, shugabar kicin ta ce sai wadda ta tafi haihuwa ta dawo, wata biyu ke nan. Na yi kuka a gabanta, ta ba ni hankici ta ce in duba miya.

Takardar tana cikin akwatina. Ba zan sa hannu a kan abin da ake ɓoye mini ba. Ki rubuto komai, ko mene ne, ni ce uwarta.

Auta.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa kina lafiya. Ba abin da aka gani a jini, ba abin da yake tsiro. Ki zauna ki karanta.

Aku ta faɗi. Wata biyar bayan tafiyarki, ranar wata Laraba da hantsi. Ina da ɗinki a hannu, zare ya ƙare, na ce ta hau kujera ta sauko mini da gwangwanin zare daga saman kabad. Kujerar nan mai ƙafa ɗaya gajera, na san da ita. Ta zame, haɓarta ta daki ƙarfen keken ɗinki, sannan ta kai ƙasa. Haɓar ta tsage. Haƙorin gaba ya fita gaba ɗaya har saiwa, ya gangara ya faɗa rariyar bakin banɗaki.

Na taɓa jin ana mayar da haƙori. Amma da na tsamo shi daga inda ya faɗa, na ce ba za a sa najasa a bakin yarinyar da take karatun Alƙur'ani ba. Na wanke shi da sabulu, na goge da buroshi, sau bakwai. Akwai wani ɗan nama-nama a jikin saiwar, na kankare shi da farce har ta yi fari tas. Na naɗe a hankici mai tsabta. Sannan na jira Malam ya dawo, don ban saba fita ba da saninsa ba. Sai bayan la'asar muka isa wurin mai haƙori. Ya mayar, ya ɗaure da waya, aka ɗinke haɓar. Ta yi mako biyu tana cewa gaban kunnenta yana ciwo, ina gasa mata da ruwan ɗumi. Da ya daina, na ce Allah ya rufa asiri.

Ban rubuto miki ba, na ce kina sabon wuri, kada hankalinki ya rabu biyu. Haka na faɗa wa kaina. Gaskiyar ita ce kunya. Kin ba ni amana, ni da Allah bai ba haihuwa ba, wata biyar kacal na fasa mata baki. Na ji tsoron ki ce a mayar da ita wurin dangin ubanta.

Akwai wanda ya fi wannan. Na ce wa Aku kada ta faɗa wa Mama, Mama za ta yi kuka. 'Yar shekara takwas. Ta riƙe.

A zuwanmu na biyu likitar ta ɗaga haɓarta ta ga tabon. Ta tambaye ta, "'Yan mata, kin taɓa faɗuwa?" Sai Aku ta kalle ni. Ni kuma na ce ai ta daɗe da tabon. Ban yi ƙarya ba, haka ma da na kawo zancen Baba ban yi ƙarya ba, da wannan nake ta lallashin kaina. Amma na san abin da na yi. Na bar ki kina lalubar bayanki.

Da takardarki ta zo na karanta wa Malam. Ya ce shi duk shekarun nan ya ɗauka kin sani. Ya sa takalmi ya ce in ɗauko mayafi. Muka koma asibiti na faɗa wa likitar tun daga kujera har hankici. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce dama ta yi zato. Ta ce in haɓa ta bugu, ƙarfin yana tafiya ya fasa kan ƙashin da ke gaban kunne, jini ya taru a cikin gaɓar, a yaro kuma jinin nan sai ya zama ƙashi a hankali. Da an yi hoto a lokacin, aka sa ta motsa baki kullum, mai yiwuwa da ba a kai nan ba. Naman da na kankare kuwa shi ne shimfiɗar da ke raba haƙori da ƙashi. Da na sani na tsoma shi a madara na ruga, ko kurkure shi kawai na yi. Tsabtar da na yi ce ta kashe shi.

Ta ce in faɗa miki wannan da bakinta: tunda buguwa ce, wuri ɗaya ne, ba zai bi sauran jikinta ba.

Saura kwana goma sha tara babban likitan ya zo. Ki yi fushi da ni yadda kike so, na cancanta. In kin ce in haɗa mata kaya bayan an gama, zan haɗa. Amma ki sa hannu, Auta.

Yayarki mai laifi.

*

Auta,

Sallama. Motarku ta zo ranar Asabar, na tsaya a bakin ma'ajiyarsu tun safe har suka gama lodi. Direban ya juye aljihunsa a gabana, ya ce ya ba ki tawa hannu da hannu, ba ki ba shi komai ba.

Na je asibiti na roƙa ko sa hannun Malam zai yi. Suka ce uwa tana raye, sai nata. Sun ce za su riƙe sunan har ranar Litinin ta sama, daga nan su ba wani yaro. Yanzu yatsan nawa ma ba ya shiga sai na karkata shi. Na faɗa wa Aku na rubuta miki komai, ba sauran abin ɓoyewa. Ta tambaye ni ko kin yi kuka. Na ce ban sani ba.

In ba za ki rubuto mini ba, ki sa takardar ita kaɗai a ambulan.

Yayarki.

*

Yaya,

Ga takardar, na sa hannu. Tun ranar da na karanta taki na sa, amma na kasa rubuta abin da zan haɗa da shi, na tsaya ina yagawa har mota ta tashi. Wannan laifina ne, na yi mako biyu ina cizon yatsa. Yanzu na ba wani injiniya da zai fita da ƙaramar mota, ya yi alkawarin kawowa har ƙofa.

Kujera ba komai ba ce, yara suna faɗuwa a gaban iyayensu ma. Haƙorin kuwa, da na karanta sau bakwai ɗin nan, dariya da kuka suka haɗe mini, don ko ba a faɗa ba na san ke ce. Abin da ya tsaya mini shi ne yarinyar. Shekara uku tana rubuto mini layi biyu a ƙasan takardarki, lafiya lau Mama, tana riƙe da wannan. Shi ne ban yafe ba tukuna. Ba zan ce miki na yafe don ki ji daɗi ba, ke kika koya mini kada in yi haka.

Na tambayi nas ɗin da ke nan sansanin. Ta ce tiyatar rabin aiki ce. Bayanta sai an riƙa buɗe bakin da ƙarfi kullum, wata da watanni, in aka ji tausayi aka bari ƙashin ya sake haɗewa. Ni ba zan samu zuwa ba, ko na zo ma ba zan iya ba. Ba inda za ta. Ke za ki yi mata. Na san zuciyarki, kina ganin hawaye za ki ce a bari sai gobe. Kada ki bari, Yaya. Wannan ne abin da nake nema a wurinki.

Ki ce wa Aku na yi kuka, kuma ban mutu ba.

Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Injiniyan ya iso ranar Lahadi da yamma, Allah ya saka masa. An yi aikin ranar Alhamis, awa huɗu da rabi. Ina zaune a benci a bakin ƙofa, na kasa haɗa aya biyu a jere. Ta farka. An yanke ƙashin da ya haɗe, an shimfiɗa wani nama daga gefen kanta a tsakani. Ɗinkin yana gaban kunne, gashi zai rufe rabinsa. Haƙorin sun ce a bar shi tukuna a riƙa dubawa. Yau kwananmu tara a gida.

Sun ba mu sandunan katako masu faɗi, irin waɗanda likita ke danne harshe da su. Ana jera su a tsakanin haƙoran gefe, a riƙa cusa ɗaya a tsakiya har bakin ya buɗe iyakarsa, a bar shi minti biyar. Sau biyar a rana. Na haɗa shi da lokutan salla don kada in sami hanyar mantawa.

Auta, abin yana da ciwo. Ba ta iya ihu da katako a baki, sai hawaye da wani sauti daga maƙogwaro. Malam ya riƙe mata kai kwana biyu, a na uku ya ce shi gwiwarsa ba ta son tsugunno, ya koma zama a waje. Yanzu tsakanin cinyoyina nake sa ta. Likitar ta ce wata shida aƙalla, kuma watannin farko ne ƙashin ya fi son komawa. Kowace safiya kafin in sa na farko gabana faɗuwa yake, ko buɗewar jiya ta fi ta yau.

Shekaranjiya da azahar ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, don Allah yau kaɗai." Har na mayar da sandunan cikin kofi. Na zauna ina kallonsu. Sannan na sake ɗaukowa na ce ta matso. Ba ta yi mini magana ba har magariba, kuma ta ƙi cin abin da na dafa sai da Malam ya ce shi ya dafa.

Mun fara da sanda tara, yau sha uku. Ana so mu kai ashirin da biyu. An kira la'asar, bari in je in nemo ta, na ji ta shige bayan kabad.

Yayarki.